Shagon Gyara da Amanar Unguwa

Laccar da wani mai sana'ar gyaran waya da kwamfuta ya gabatar a taron wayar da kan mazauna unguwa a birnin Kano



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya ara mana rai da lafiya har muka haɗu a wannan wuri. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban taro, ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya gafarta Malam Liman, shugabannin makarantunmu na boko da na Islamiyya, iyayena maza da mata, abokan sana'ata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci.

An nemi in yi magana kan abin da mu masu gyaran waya da kwamfuta za mu iya yi wa unguwanninmu, tare da shawarwarin da za su amfani kowa a mu'amalarsa ta yau da kullum da waɗannan na'urori. Na karɓi gayyatar hannu bibbiyu, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Galibin masu shigowa shagunanmu suna zuwa ne bayan aikin gama ya gama: an kwashe kuɗin asusu, ko wuta ta ƙona fanel, ko hotunan iyali na shekara da shekaru sun tafi tare da wayar da aka fizge a cikin Adaidaita Sahu. Idan ka saurari labarin kuwa, sai ka tarar maganar minti biyar ta isa ta hana ɓarnar, kuma maganar tana bakinmu, ba ta dai kai kunnen mai buƙatarta ba. Saƙona a yau guda ɗaya ne: ilimin da ke cikin shagon gyara haƙƙin unguwa ne. Ya kamata ya fito ya tarar da mutane a masallaci da makaranta da zaure da cikin gida, tun ɓarna ba ta auku ba.

Daga ina muka taso

Dattawan da ke nan ba su manta da zamanin NITEL ba, lokacin da layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, mutum ya yi sammako ya bi layi don ya yi magana da ɗansa a Legas. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kuɗin layi guda a lokacin ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, ana kuma biyan naira 50 a kowane minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi kana magana, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

A wancan lokaci waya abin gaisuwa ce da isar da saƙo. Daga baya aka yi ta ɗora mata kaya. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar NIN. Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsabar naira ta ɓace daga hannun jama'a, har mai ƙosai da mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa ba don sun shirya ba.

Ta haka waya ta zama asusun mutum, ta zama katin shaidarsa, ta zama rumfarsa ta kasuwa da akwatin takardunsa. An miƙa wa jama'a wannan nauyi duka ba tare da an zaunar da su an koya musu yadda za su kare kansu ba. Banki yana aiko da gargaɗi da Turanci. Kamfanin waya yana nesa. Wanda ke kusa, wanda ke jin harshen mutum, wanda za a iya takawa a same shi bayan sallar La'asar, shi ne mai gyara, ko a Farm Centre yake, ko a titin Beirut, ko a ɗan shagon bakin layinmu.

Amana kafin gwaninta

Idan ina neman wanda zan kwatanta mai gyara da shi a cikin sana'o'inmu na gargajiya, wanzami nake tunawa. Wanzami yana da gidajen da yake yi wa aiki kaka da kakanni. Shi ake kira ranar suna, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke yin ƙaho. Yana shiga inda baƙo ba ya shiga, yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, kuma darajarsa tana ga riƙe bakinsa kamar yadda take ga kaifin askarsa. Haka matsayinmu yake a yau. Wanda ya miƙo maka wayarsa ya miƙo maka hirarsa da matarsa, da hotunan 'ya'yansa mata, da bashin da ake bin sa, da takardar asibitinsa.

Saboda haka, abokan sana'ata, bari in fara da mu kafin in juya ga jama'a. Canza gilashi ko batir ko bakin caji ba ya buƙatar a buɗe hotunan kowa. In aikin ya tilasta a buɗe waya don gwaji, a yi a gaban mai ita. Yaron shagon da aka kama yana leƙa abin da ba a sa shi ba, ko yana kwafar hoto, a yi masa hukuncin da sauran za su ji a jikinsu. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane tun kafin a san waya, dokar ƙasa ma ta zo ta ƙara: akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023.

Wani ɓangaren amanar shi ne gaskiya a kan kaya. Idan gilashin da za ka saka ba na asali ba ne, faɗa wa mai waya, ka gaya masa farashin kowanne ya zaɓa da kansa. Tsohon kayan da ka cire, miƙa masa abinsa. In aikin ya fi ƙarfinka, ka ce ya fi ƙarfinka, ka nuna masa wanda ya fi ka. Ba a taɓa rasa abokin ciniki don an faɗa masa gaskiya ba.

Ku kuma iyayena, idan za ku ba da gyara, ku cire layi da memori ku riƙe a hannunku. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da irin wayar da abin da aka ce za a gyara. Wasu sababbin wayoyin suna da tsarin da ke kulle bayanan mai waya yayin da take hannun mai gyara. Ku tambaya a nuna muku.

Kuɗinku da layinku

A nan zan daɗe, domin a nan hawaye ya fi zuba.

Na farko, ɗan damfarar yau ba ya buƙatar fasa banki. Kiran ka zai yi, da murya mai ladabi, wani lokaci da Hausa tsantsa. Zai ambaci cikakken sunanka, har ya faɗa maka ranar haihuwarka, ya ce daga banki yake, an samu matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusunka kafin ƙarfe huɗu. Ko ya ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati. Sai ya ce za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, ka karanto masa. Lambobin nan su ake kira OTP, kuma su ne mabuɗin ƙarshe da ya rage masa. Shi ne ya riga ya fara cire kuɗin daga can, bankin kuma ya aiko maka lambar don ya tabbatar kai ne. Da ka karanta masa, ka sa hannu da kanka.

Makaminsa biyu ne, tsoro da kwaɗayi, kuma dukansu yana haɗa su da gaggawa don kada ka samu sukunin yin shawara. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka, ko OTP, ko lambobin da ke jikin katin ATM, musamman ukun nan na baya. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, kashe wayar. Kada ka tsaya musu da shi. In hankalinka bai kwanta ba, taka da ƙafarka zuwa banki.

Na biyu, layin da ke haɗe da asusunka ya fi wayar da yake ciki daraja. Ɓarawon da ya fizge waya sau da yawa ba ita ce damuwarsa ba. Zai zare layin ya sa a wata ƙaramar waya, ya yi ta gwada lambobin banki. Kulle fuskar waya ba ya kare layi. Shi layin yana da tasa lambar sirri da ake kunnawa a cikin saitin waya, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar. In aka yi kuskure sau uku sai ya kulle, ba zai buɗu ba sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki. Don haka a adana wannan kati, kuma wanda bai iya kunna lambar ba ya zo a yi masa, aikin minti biyu ne. Ranar da waya ta ɓata kuwa, kafin kuka, kafin cigiya, a fara da rufe asusu da rufe layi. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya don rufe asusu nan take. Ku tambayi bankinku tasa, ku rubuta a takarda ku ajiye a gida.

A kuma sani, layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya karɓe shi ya sayar wa wani. Idan asusunka na haɗe da shi, saƙonnin bankinka hannun baƙo za su koma. Wanda ya canza layi ya je banki ya canza a can ma. Haka idan an yi rasuwa, magada su kula da layin mamaci har a kammala rabon gado.

Na uku, 'yan kasuwa da masu POS. Saƙon alat da ya shigo wayarka ba hujja ba ce, hoton rasit da mai saye ya nuna maka a wayarsa ma ba hujja ba ce. Dukansu ana ƙirƙirar su. Hujja ita ce ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun ƙaru. Kada kunya ta sa ka saki kaya don mai saye ya sa babbar riga ko ya ce yana sauri. Mai cire kuɗi kuma ya danna lambarsa da hannunsa, yana kare ta da ɗaya hannun. Lambar sirri kada ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar waya, kuma kada a rubuta ta a bayan kati.

Na huɗu, masu alƙawarin ninka kuɗi. Mun ga MMM da ta tsayar da biyan mutane a watan Disamba na 2016. Mun ga CBEX da ta rufe a watan Afrilu na 2025. Suna ne kawai ke canzawa, tsarin ɗaya ne: ana biyan na farko da kuɗin na baya, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Abin da ya fi ciwo shi ne yawanci ɗan'uwa ne ke jawo ɗan'uwa, da zuciya ɗaya, don shi an biya shi sau ɗaya ko biyu. Duk kasuwancin da ba za a iya nuna maka abin da ake saye da sayarwa ba, kuma ribarsa tana ƙaruwa da yawan mutanen da ka kawo, ka nisance shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyar, manhajojin ba da bashi. Kafin su ba ka sisi suna neman izinin shiga lambobin da ke wayarka da hotunanka. Ranar da ka makara, sai surukinka da limaminka su ga saƙo ana kiran ka ɓarawo. Tun 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye take ɗaukar mataki a kansu, amma mutuncin da ya zube ba hukuma ke kwaso shi ba. Ban da wannan ga ruwan da suke ɗorawa, wanda malamanmu sun fi ni sanin hukuncinsa.

Lambobi shida na WhatsApp

Kusan kowane zauren WhatsApp na unguwa ko na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ya taɓa ganin wannan. Wani zai kira ka ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Lambobin shida ne, kuma su ne waɗanda WhatsApp ke aikowa idan ana son buɗe layinka a wata waya. Da ka bayar, ka fita daga naka, shi ya shiga. Nan take zai fara bin 'yan'uwanka da sunanka da hotonka: ina asibiti, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe.

Kariya biyu ce. A cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda kai da kanka za ka zaɓi wata lambar sirri mai lamba shida wadda ba a aiko ta ta saƙo. Kowa ya kunna ta yau kafin ya kwanta. Sannan duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko mahaifinka ne, kira shi ta layi ka ji muryarsa tukuna. Kuma da yake yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, in abin ya yi maka wani iri, tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Shugabannin zaure kuma nauyi na kanku. Saƙon da ke cewa danna nan ka samu data kyauta ko tallafi, a goge shi. Labarin tashin hankali ko hoton da ba a san asalinsa ba, kada a tura gaba sai an tabbatar. Tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya tayar da fitina a garin da yake zaune lafiya.

Wuta, ƙura da zafi

Yanzu jikin na'urar. Abubuwa uku ne suka fi kawo mana aiki a ƙasar nan.

Wutar lantarkinmu an tsara ta ne a kan bolt 230, amma kowa ya san yadda take zuwa, wani lokaci kamar kyandir, wani lokaci da ƙarfin da ke fasa ƙwai. Mafi haɗari shi ne daidai lokacin da aka dawo da ita. In an ɗauke wuta a zare caja da kwamfuta da talabijin daga soket, in an dawo da ita a ɗan jinkirta kafin a mayar. Haka idan za a tayar da janareta ko za a kashe shi. Mai kwamfutar tebur ya nemi sitabilaiza da UPS. Caja kuma a sayi mai kyau. Ta araha ba ta da abin da ke tace wuta a cikinta, ka yi tattalin naira dubu biyu ka ƙona wayar dubu ɗari.

Ƙurar hunturu tana shiga kwamfuta ta toshe fanka da hanyar iska. Alamarta ita ce ka ji fanka na gurnani, na'urar na zafi, tana nauyi, tana mutuwa da kanta. A riƙa rufe ta da ƙyalle in an gama aiki, kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo, kuma a kawo ta a share cikinta bayan hunturu ya wuce. Sau da yawa wayar da aka ce ta daina caji, ƙura ce da zaren aljihu suka cika bakin. Kada a sa allura a ciki.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Kamfanoni irin su Apple da Samsung suna cewa a yi amfani da wayoyinsu a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna kaiwa 40 har mu wuce. Kada a bar waya a gaban mota cikin rana, kada a yi caji a ƙarƙashin filo, kada a riƙa barin batir yana mutuwa ƙurmus kafin a sa caji. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi ko gilashi, a daina amfani da shi nan take, kada a danna shi, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Wayar da ta faɗa ruwa kuma a kashe ta, kada a gwada kunnawa, kada a sa caji, a kawo ta da wuri. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki, ɓata lokaci ne kawai yayin da tsatsa ke cin fanel.

Ajiya da sabuntawa

Waya ana sayen wata, amma muryar mahaifiya da ta rasu, da littafin bashin ɗan kasuwa, da kundin binciken ɗalibin ajin ƙarshe, ba a sayar da su a kasuwa. Duk abin da yake wuri ɗaya tak, a ɗauka yana bakin ɓata. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ya isa a adana lambobin mutane da muhimman takardu da hotuna masu yawa. Matsalar da muke gani ita ce mutum bai san adireshin imel ɗinsa ba balle kalmar sirrinsa, domin wani yaro ne ya buɗe masa ranar da ya sayi waya. Ku sa a buɗe a gabanku, da lambar wayarku, ku rubuta a littafi ku ajiye inda kuke ajiye takardun gida. Ɗalibai kuma su ajiye aikinsu wuri uku: a kwamfuta, a filashi, a imel.

Saƙon da ke cewa a sabunta manhaja, mutane da yawa suna ture shi don tsoron cin data. Sabuntawar nan toshe ƙofofin da aka gano ɓarayi na bi ne. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Masu makarantu da ofisoshi su lura cewa wa'adin kulawar da Microsoft ke yi wa Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk mai kwamfutar da ke kansa ya zo a duba ko za ta ɗauki Windows 11 ko a nema mata wata mafita.

Mai sayen waya ta hannu kuma ya danna *#06#, zai ga lambar IMEI mai lamba 15. Ya gwada ta da wadda ke jikin kwali, ya karɓi rasit, ya san mai sayarwa da inda yake zaune, ya tabbatar an cire asusun tsohon mai ita a gabansa. Mutanen kirki da dama sun kwana a ofishin 'yan sanda saboda wayar sata da suka saya don arha.

Abin da za mu yi tare

Duk abin da na lissafa, in ya tsaya a wannan rumfa, gobe an manta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da nake roƙo.

Abokan sana'ata, kowane shago ya ware wani lokaci a mako, ko da awa ɗaya ce, na duba waya kyauta: kunna lambar sirrin layi, kunna mataki biyu na WhatsApp, adana lambobi, goge manhajojin banza. Dattijo ko dattijuwar da ba ta karatun boko, a nuna mata da haƙuri, a bar ta ta danna da hannunta har ta iya. Wayoyi da yawa, irin su Tecno, suna da Hausa a cikin harsunansu. A juya wa mai so. A kuma sanar da mutane cewa wanda saƙonnin talla suka dama zai iya tura STOP zuwa 2442, wanda kuma ya kai ƙorafi kamfanin layinsa ba a share masa hawaye ba zai iya kiran NCC kyauta a 622. Mai ganin wannan asarar ciniki ce ya sake tunani: wanda ka tsare wa kuɗinsa yau, kai zai kawo wa gyara gobe, shi da iyalinsa.

Allah ya gafarta Malam, minti biyu bayan sallah sun fi takardar sanarwa dubu. In sabuwar damfara ta ɓullo, mu za mu fara ji, domin wurinmu ake kawo kuka. A ba mu ƙofa mu sanar da ku, ku sanar da jama'a. A kuma daina yi wa wanda aka damfara dariya. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, shirun kuma shi ke ba ɗan damfara damar cin gida goma da dabara ɗaya.

Shugabannin makarantu, akwai yaran da ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan kwamfuta. Yaro ya san amsa, amma rawar hannu ta cinye masa lokaci. Tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a ofisoshi da gidajen masu hali, da yawansu ƙaramin gyara suke buƙata. Ku nemo su, mu mu gyara ba tare da kuɗin aiki ba, a sa a makaranta yara su riƙa gwaji. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, don haka a yi wa yaro tun da wuri, a tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun dace a duk takardunsa, kuma ya yi rajista da layin da zai riƙe, ba na mai kafen intanet ba.

Iyayena, ina roƙon ku ba mu 'ya'yanku su koyi sana'ar nan, har da mata. Mata da yawa suna sana'a daga cikin gida ta waya, suna sayar da atamfa da turare da abinci, kuma da yawansu sun gwammace waya ta lalace da su miƙa ta ga namijin da ba su sani ba. A ce kowace unguwa tana da mace ɗaya ko biyu da suka iya gyara da saiti, da an huta da wannan damuwa, su ma sun samu abin dogaro. A shirya musu wuri na mutunci, a Islamiyyar matan aure ko a gidan da aka yarda da shi. Masu shago kuma mu koyar da gaske, mu sa wa'adi, mu yaye yaro in lokacinsa ya yi, kada ya ƙare a aiken sayo abinci.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, saura maganar shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu kason yana cikin kwatocinmu da bololinmu, inda yara ke ƙona wayoyin wuta don su ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin. Yanzu ga batiran sola da na inbata sun cika gidaje, yawancinsu da dalma a ciki. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Kada a bari a fasa batir a cikin unguwa. A sa shagunanmu su zama wurin tara matattun batira da wayoyi, mu miƙa su ga masu sarrafa su.

Kammalawa

Jama'a, ku riƙe mu da alƙawarin da muka ɗauka a gabanku. Mai gyaran da ya ci amana a kai ƙararsa ga shugabannin sana'a da Mai Unguwa. Wanda ya riƙe gaskiya kuma a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, a kuma faɗa wa wasu alherinsa. Wanda ya ji wannan bayani ya kai wa mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabcinsa da bai samu zuwa ba. Ni da abokan aikina za mu zauna a nan bayan an tashi, duk mai son a kunna masa lambar sirrin layi ko ta WhatsApp ya matso, ba a biyan ko kwabo.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya.